Kafin ka kama eriyar motarka da hannu

Ƙannena masu sha'awar motocin nan masu ƙofa biyu, irin su Toyota Celica da Honda Prelude na shekarun 1990, ku matso mu yi maganar eriyar nan mai fitowa da kanta idan an kunna rediyo. A nan Bauchi ba ta cika daɗewa ba, kuma sau da yawa hannun mai motar ne ajalinta.

Tawa da cijewa ta fara, cikin hunturu, sai ta fito rabi ta tsaya. Na lafta mata giris, na riƙa jan ta sama da hannu, da dare in danna ta ƙasa. Giris ya kwashi ƙurar hanyar Yelwa ya daskare a gaɓoɓin sandar, ja da dannawa kuma suka ƙarasa abin da ke ciki. A cikin sandar akwai doguwar igiyar roba fara mai haƙora, ɗan ƙaramin injin lantarki ne ke tura ta sama, ya kuma naɗe ta idan za ta koma. Duk lokacin da ka tilasta wa sandar, haƙoran nan kake ci.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, sa wani ya kunna rediyon, kai kuma ka kara kunne a jikin motar daidai gindin eriyar.

Idan ka ji injin eriyar yana gurnani amma sanda ba ta motsa ba, wuta lafiya lau take. Igiyar ce ta tsinke ko haƙoranta suka cinye. Kada wani ya sa ka sayi eriya sukutum kamar yadda na saya, sandar da igiyarta ake canzawa. Kwance notin da ke saman, a kunna rediyo, ka zaro tsohuwar a hankali, ka lura da ɓangaren da haƙoran ke kallo. Jera ta da sabuwar ka gwada tsawon igiyoyin. In tsohuwar ta gaza, guntunta na nan a ciki, kuma dole a buɗe gidan injin a fitar da shi, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta shige duka ba. Wannan wurin mutane da yawa ke tsallakewa don gaggawa. Sannan ka zura sabuwar igiyar yadda tsohuwar take, a kashe rediyo, injin zai ja ta da kansa.

Idan kuwa shiru ka ji, to maganar wuta ce. Fara da fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Yawanci wayoyi uku ne ke shiga injin eriyar: ɗaya tana kawo wutar batir, volt 12, a kowane lokaci, ɗaya an ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, ta uku daga rediyo take, ita ke ba da umarnin fita. Fitilar gwaji ta ishe ka ka bi su. Duba wadda aka ɗaure a jikin mota da kyau, tsatsa na yawan cin wurin. In kuma ba a daɗe da canza maka rediyo ba, tambayi mai gyaran ko ya haɗa shuɗiyar wayar nan ta eriya, wato mai ba da umarnin fita, don ana mantawa da ita.

Wani zai ce ai ko a rabi ta tsaya ana jin Globe FM a cikin gari. Haka ne, amma tsawon da ya dace da zangon FM kusan santimita 75 ne. Kama hanyar Alkaleri da guntuwar eriya ka ji yadda tasha za ta riƙa ɓacewa.

Kula da ita ba shi da wuya. Fito da ita duka, ka goge da tsumma mai tsabta, ka ɗan shafa mai marar kauri ka sake gogewa. A kashe rediyo kafin a shiga ƙarƙashin rumfa ko a lulluɓe motar, don sandar da ta lanƙwashe ba ta miƙuwa daidai. Idan kuma injin eriyar ya ci gaba da kuka bayan ka zare makulli, cire soket ɗinsa a daren nan, kada ka wayi gari batir ya sauka.