Abin da na fita da shi daga ɗakin magani

Jiya na miƙa makullin ɗakin magani bayan shekara 6, amma har yau maganar wani ɗan acaɓa tana cina.

Likita ya rubuta masa fluoxetine saboda ciwon damuwa. Na ƙirga masa, na ce ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya tafi. Ban tambaye shi ko yana shan wani abu ba. Bayan mako biyu ƙanensa ya kawo shi ranga-ranga, gumi sharkaf, jiki zafi zau, ƙafafu sai fizga suke. Ashe tramol yake afawa kullum don ya iya wuni a kan babur.

Abin haushin, na san karatun. Jijiyar ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin serotonin a ɗan giɓin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, saƙo ya isa, sai ta zuƙe abinta. Fluoxetine ƙofar zuƙewar yake toshewa don sinadarin ya daɗe a wurin. Tramol ma yana toshe wannan ƙofa. Da suka haɗu, serotonin ya yi ambaliya. Yaron dai ya tashi, da sauran shan ruwansa.

Washegari Oga, wato likitan da ya rubuta maganin, ya wanke ni tas a gaban ɗalibai, takardar tuhuma kuma ni kaɗai aka ba. Shi da ya zauna da yaron a ofis, bai yi tambayar ba. Na sa hannu, na ce "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," na haɗiye.

Sauran na koye su a hankali. Fluoxetine yana taɓa serotonin cikin sa'o'i, amma sauƙi sai bayan mako 2 zuwa 6, don ƙwaƙwalwa sai ta sake daidaita kanta. In ba ka faɗa wa masu sha ba, ranar biyar za su jefar. Mai shan amitriptyline, wani maganin damuwar, zai yi kukan bushewar baki da barci, kuma ba a danƙa ƙwayoyi da yawa ga mai zancen mutuwa, don in ya yi yawa yana illata zuciya. Kada a yanke magani farat ɗaya, jiri zai biyo.

Na manna takarda a jikin taga: "Kana shan tramol? Ba za mu gaya wa kowa ba." Mutum nawa suka sunkuyar da kai suka ce e, na daina ƙirgawa. Watan jiya na ji Oga yana nuna wa baƙi ita, wai tsarin da "muka" ɓullo da shi ne.