Su a Kan Ƙanƙara Kafin Jan Kogi Ya Farka

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa, kamar yadda na tashi a ƙasar Yawuri, ya san cewa ruwa abin shiga ne da jirgi, ko da gora, ko da ƙarfin damtse, amma ba abin takawa ba ne. Shi ya sa na shekara uku a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, ina jin abokan aiki suna hirar kamun kifi a kan ƙanƙara, ni kuwa ina yi musu kallon waɗanda suka gaji da duniya. Sai a watan Maris na bana wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya tsare ni a ƙofar gida ya ce idan ban bi shi a wannan makon ba to sai baɗi, domin sanyin ya sassauta, yini ya ƙara tsawo, manyan kifaye sun fara taruwa kusa da bakin kogi, kuma kwanakin da suka rage wa masunta ba su da yawa. Da na gaya wa uwargida, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, kifin kanti ne ya ƙare?"

Mun bar gari bayan na yi sallar asuba, muka miƙi hanyar arewa kimanin sa'a guda har zuwa kudancin Tafkin Winnipeg. Kiransa tafki ma kamar raina shi ne, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 24,000, kuma idan mutum ya tsaya a gaɓa ba ya hango ɗaya gefen, sai farin fili wanda ya haɗe da sararin sama. Da muka iso inda hanya ta ƙare, dattijon bai tsaya ba. Ya kwance bel ɗinsa na kujera, ya ce in kwance nawa, ya sauke gilashin tagogi duk da sanyin da ake yi, sannan ya gangara da a-kori-kurarsa kan tafkin a hankali. Ban tambaye shi dalilin buɗe taga ba, domin na fahimta, kuma fahimtar ba ta ƙara mini kwanciyar hankali ba. Na karanta duk addu'ar da na sani ta shiga jirgi, tun da ban san wadda ta fi dacewa da motar da ke tafiya a kan ruwa ba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ramin farko. Injin huda ƙanƙarar yana da ƙarfe mai murɗe, kuma sai da dattijon ya ɗaura masa ƙari kafin ya kai ga ruwa, saboda kaurin ƙanƙarar a wurin ya kusa mita guda. Garin ƙanƙara ya yi ta tulowa yana taruwa a ƙafafunmu, can sai injin ya zurma, ruwa mai duhu ya bulbulo ya cika ramin har baki. Ya miƙo mini wani ludayi mai huji-huji, sak irin wanda ake tsame ƙosai da shi, ya ce aikina shi ne kwashe ɓarɓashin da ke taruwa a ramin kada ya sake daskarewa. A nan ya lissafa mini ƙa'idar da kowane yaro a lardin ya sani: santimita 10 na ƙanƙara mai kyau tana ɗaukar mutum a ƙafa, ƙaramar mota tana bukatar 20 zuwa 30, a-kori-kura kuma fiye da haka. Na dubi mita gudan da ke ƙarƙashina na ce ashe tsorona na banza ne. Ya ce in riƙe wannan magana, zai tuna mini da ita kafin yamma.

Muka kafa ɗan tanti a kan ramuka biyu, muka kunna murhun gas, ya bar kafa a buɗe saboda iskar guba mara wari da irin wannan murhu ke tarawa, wadda ke kashe mutum yana zaune bai sani ba. Ya zura wata na'ura cikin ruwa wadda ke nuna ƙasan tafkin da duk abin da ya gilma a matsayin layuka masu launi, har mutum yana ganin ƙugiyarsa tana hawa da sauka, yana kuma ganin kifi ya taso ya dube ta ya juya. Ban ɓoye masa ba cewa Sarkawan garinmu za su ɗauki wannan a matsayin satar amsa. Dokar lardin ta hana ƙugiya mai ƙaya, don haka sai an matse ƙayar da filaya, domin kifin da za a saki kada a yaga masa baki. Muna zaune sai wata ƙara ta taso daga nesa, ta ratsa ƙarƙashinmu kamar an buga babban tambari a cikin rijiya, na miƙe zumbur har na ture bokitin da nake zaune a kai. Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ƙanƙarar ce ke miƙewa da takurewa saboda sauyin sanyi da zafi.

Wajen hantsi sandata ta lanƙwasa. Kifin da ake zuwa nema a nan shi ne wanda mutanen lardin ke kira fikaral, mai manyan idanu masu ƙyalli kamar na kyanwa da dare, kuma na wannan tafki ya yi suna saboda bayansa kore ne shar. Wahalar ba ta janyo shi ba ce, ta juyo da kansa ce ya shiga ramin da faɗinsa bai wuce faranti ba, sannan ya hau wannan doguwar rijiya ta ƙanƙara ba tare da zaren ya tsinke a gefenta ba. Dattijon ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu har gwiwa ya ɗago shi. Mun auna shi, ya ɗan gaza santimita 71 da ake bukata kafin a rubuta sunan mutum cikin gwanayen masunta na lardin. Mace ce, cikinta fal da ƙwai, don haka muka mayar da ita ramin da kai, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ɓace. Na ji zafin abin a raina, ba zan yi ƙarya ba, amma daga baya mun sami ƙanana guda uku da muka tafi da su gida.

Kakannin dattijon suna cikin mutanen Aislan da suka sauka a Gimli, a gaɓar yamma ta tafkin, a shekarar 1875. Masuntan teku ne, amma ba su san yadda ake shimfiɗa taru a ƙarƙashin ƙanƙara ba sai da 'yan asalin ƙasar suka koya musu. Daga baya aka ƙirƙiro wani dogon katako da ake zurawa ta rami, ya taso ya manne wa ƙanƙarar ta ƙasa, duk lokacin da aka ja igiya sai wani haƙorin ƙarfe ya cije ya tura shi gaba, mutum ɗaya kuma yana binsa ta sama yana sauraren ƙwanƙwasarsa har inda za a huda rami na biyu a jawo igiyar tarun. Har yau masu su na sana'a suna aiki da shi.

Bayan azahar rana ta yi ƙarfi har na tuɓe safar hannu. Dusar da ke saman tafkin ta fara zama taɓo-taɓo, kuma ina tafiya zuwa mota sai ƙafata ta dama ta zurma har gwiwa cikin wani tsohon rami da wani ya huda ya bari, dusa ta rufe bakinsa. Ruwan ya cika takalmin, sanyinsa ya soke ni kamar an caka mini allurai ɗari a lokaci guda, numfashina ya sarƙe duk da cewa ƙafa ɗaya ce kawai. Ina canza safa a cikin mota dattijon ya tuna mini da maganata ta safe. Ya ce kauri ba shi ne ƙarfi ba. Ƙanƙarar farkon hunturu garau take, mai duhu-duhu, a dunƙule kamar gilashi. Farar da ta haɗu da dusa ƙarfinta kusan rabin na waccan ne. Ta ƙarshen hunturu kuwa rana tana ratsa ta, ruwan narkewa yana bin jijiyoyinta, har ta rarrabu ta koma tsinke-tsinke a tsaye kamar damin kara da aka kwance wa igiya. Irin wannan ko ta kai rabin mita tana iya rushewa da mutum, kuma ba ta yin ƙarar gargaɗi. Wurin da ya fi haɗari shi ne bakin gaɓa da mashigar kogi, inda ruwa ke gudu ta ƙasa yana cin ta ba a gani, wato daidai wurin da kifi ya fi taruwa. Wani malami a Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, wanda ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, ya taƙaita wa jama'a abin a lambobi uku: wanda ya faɗa yana da minti 1 ya daidaita numfashinsa, minti 10 da gaɓoɓinsa za su yi masa aiki, da kimanin sa'a 1 kafin sanyi ya gusar masa da hankali. Bayan abin da ƙafata ta ɗanɗana, mintin farkon nan shi na fi jin tsoro.

A hanyar komawa muka biyo ta garin Selkirk, a bakin kogin da suke kira Red, wato Jan Kogi, kuma a nan na ga ɗaya fuskar al'amarin. Wannan kogi yana tasowa ne daga iyakar jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa a Amurka, ya yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa arewa, ya ratsa Winnipeg, ya zuba a tafkin. Matsalarsa tana cikin alƙiblarsa. Narkewa tana farawa daga kudu, don haka ruwan dusar da ta narke a garuruwan Fargo da Grand Forks na Amurka yana gangarowa ya tarar da ƙarshen kogin a daskare, tafkin kuma a rufe ruf har cikin watan Mayu. Ruwan sai ya ɗaga ƙanƙarar ya farfasa ta, manyan ɓangarori su hau kan juna a wata kwana ko a gindin gada, su zama madatsa cikin 'yan sa'o'i. Ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, domin gindin wani tsohon tafki ne na zamanin ƙanƙara da ake kira Agassiz, kuma duk tsawon kogin gangarensa bai wuce mita 70 ba. Ruwan da ya fita daga gaɓa ba shi da tudun da zai tare shi.

Saboda haka tun daga watan Fabrairu gwamnatin lardi take sa a fasa ƙanƙarar kogin daga wajen fadamar Netley zuwa Selkirk. Ana fara auna kaurinta da na'ura, wasu injuna su tsaga ta, sannan motocin Amphibex su biyo baya. Mun tsaya mun kalli ɗaya: wata koriyar halitta ce tsakanin jirgin ruwa da motar haƙa, tana miƙa hannunta ta kafa a kan ƙanƙara, ta jawo jikinta sama, nauyinta ya karya abin da ke ƙarƙashinta, ta sake miƙa hannu. Kafin su iso ake sanar da masunta su kwashe bukkokinsu daga wannan yanki. Dattijon ya yi tsaki ya ce a kowace shekara ana yanke musu kaka tun ba ta ƙare ba, amma da kansa ya ƙara da cewa ƙanwarsa tana da gida a bakin kogin, kuma ita addu'arta kullum a fasa da wuri.

Tsoron nata yana da tushe. A 1950 kogin ya mamaye Winnipeg har aka kwashe mutane kusan 100,000. Bayan haka Firimiyan lardin Duff Roblin ya dage aka haƙa wata babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 47 da ke zagaye birnin ta gabas, daga 1962 zuwa 1968, a kan dala miliyan 63, 'yan adawa suna yi mata ba'a da sunan kwatar Duff. A 1997, lokacin da ruwa ya cinye Grand Forks, ya shafe ƙauyen Ste. Agathe, ya mayar da kudancin lardin wani teku, wannan kwata ce ta tsirar da Winnipeg. Sai dai tana mayar da ruwan cikin kogi ne a Lockport, kudu da Selkirk, don haka waɗanda ke ƙasa da nan ba ta kare su daga cunkoson ƙanƙara. A Afrilun 2009 ƙanƙara ta toshe kogin arewa da Selkirk, ruwa ya taso cikin dare, ɓangarorinta suka ture gidaje daga harsashinsu, aka ceto wasu mutane daga kan rufi, kuma daga baya gwamnati ta tashi unguwar Breezy Point gaba ɗaya.

A farkon Afrilu aka rufe kamun fikaral domin ya samu ya yi ƙwai, dattijon ya wanke injin hudarsa ya rataye a gareji. Ranar wata Asabar muka koma Selkirk da uwargida, wadda ta ce ita ma sai ta ga abin da idonta, amma daga kan tudu. Kogin da na gani a sandare makonni uku da suka wuce yanzu ruwan ƙasa ne mai kauri yana gudu, ɗauke da faifan ƙanƙara wasu sun kai faɗin tsakar gida, suna gogar juna da wani sauti kamar ana jan buhunan tsakuwa, agwagin daji kuma da suka dawo daga kudu suna tsaye a kan wasu ana tafiya da su. Wani guntu ya maƙale a gaɓa kusa da mu, na sauka na ɗauko shi, kaurinsa ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Na miƙa mata, tana karɓa ya tarwatse a tafinta ya zube ƙasa tsinke-tsinke yana ƙara kamar fasassun kofunan shayi. Ta dube ni ta ce, "Malam, a kan wannan kuka hau da mota?"