Ƙarfe Mai Kauri Bai Hana Mota Karkacewa Ba

Shekara 7 na yi ina walda a wani garaji a Maradi kafin in gane cewa ɗaurin ƙafafun bayan mota lissafi ne. A da ina ganin in dai ƙarfe ya yi kauri, walda ta kama, to magana ta ƙare.

Wani Alhaji mai fataucin aya da wake ne ya kawo mana tsohuwar Hilux. Lam ɗinta na baya, wato sifirin na falle-fallen ƙarfe da aka jera bisa juna, sun ishe shi da karyewa a hanyoyin ƙauyukan Dakoro. Ya ga yadda Land Cruiser 80 ta shekarun 1990 ke tafiya luf-luf a kan sifirin mai murɗi, ya ce shi ma haka yake so. Maigida ya yi tafiya, ni kuma na karɓi aikin.

Abin da ban yi la'akari da shi sosai ba, lam aiki biyu yake yi: yana ɗaukar kaya, yana kuma riƙe fon, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kada ya gusa. Sifirin mai murɗi kuwa kaya kawai yake ɗauka. Da ka cire lam, dole ka kawo sandunan da za su riƙe fon ɗin: biyu a ƙasa, biyu a sama, da guda a gicciye mai hana shi zamewa gefe, wadda ta ci sunan kamfanin Panhard na Faransa. Na yanko bututu masu kauri na haɗa su duka, motar tana wofi, babu ko buhu ɗaya a bayanta. Ta zauna daram, na ji daɗi.

Kwana 4 sai ga Alhaji ya dawo ransa a ɓace. Ya ce in an yi lodi motar tana tafiya a karkace, in ya shiga kwana sai bayanta ya riƙa janye shi, ga karkarwa daga ƙasa da zarar ya taka. Na ji kunya ƙwarai, domin da iyalinsa yake shiga motar nan.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi a loda mata buhunan da ta saba ɗauka, ya miƙo mini alli da zare, ya ce, "Yaro, zana mini ita a ƙasa yadda take yanzu, ba yadda ka gan ta jiya ba."

A sandar gicciye muka fara. Santimita 60 na yi ta, na kuma daidaita ta a kwance lokacin da motar ba kaya. Lodi ya sauke shasi da santimita 12, sandar ta karkace. To bakin sanda zagaye yake yi kamar bakin ƙofa, ba ya hawa a miƙe. Muka auna: daga wannan karkacewar, in taya ta faɗa rami shasi ya ƙara sauka da santimita 10, fon zai ture gefe da kusan santimita 3. Da a ce sandar ta kai mita 1, tana kwance daidai a lokacin da motar ke ɗauke da kaya, wannan motsin kusan milimita 5 ne kawai. Har yau ina mamakin yadda bambanci kamar wannan yake ɓoye a cikin tsawon sanda kawai.

Sandunan ƙasa ma haka. Gajeru na yi su, kuma lodi ya karkata su. A kwana gefe ɗaya na mota yana nutsewa, ɗaya yana ɗagawa, sai taya ɗaya ta matsa gaba, ɗaya ta ja baya, fon ɗin da kansa ya zama sitiyari na biyu da direba ba ya riƙe da shi. Janyewar da Alhaji ke ji ke nan.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na zaren. Maigida ya sa na ja zare ɗaya bisa layin sandar sama, ɗaya bisa layin ta ƙasa, har suka haɗu can gaba. Sannan ya ja wani layi daga inda tayar baya ta taka ƙasa zuwa saman tayar gaba, daidai tsayin da nauyin motar ya taru. In mahaɗar zaren ta faɗa kan layin nan, mota ba ta durƙusawa kuma ba ta ɗagawa in an ba ta wuta. In ta faɗa ƙasa da shi, baya zai durƙusa. In ta haura sama sosai, bayan ya ɗaga, taya ta kama tsalle, kuma a rairayin Gulbin Kaba tsallen taya shi ne kafewa. Ga shi buhunan da ake jibgawa har su wuce rufin mota suna ɗaga cibiyar nauyin, layin ma ya sauya.

Karkarwar kuwa daga kardan take, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa fon. Kusurwar da ke bakin giya da wadda ke bakin fon ya kamata su zo kusan daidai don su kashe juna, nawa kuwa sun saɓa. Muka yanke komai muka sake, wannan karon da ɗigon walda kawai, muna ɗaga fon muna saukewa da jak, sai da awo ya yi daidai sannan na cika.

Yanzu in wani ya zo da irin wannan buƙata, tambayata ta farko ita ce buhu nawa yake ɗauka, kuma sau nawa yake dawowa wofi. Motar da yau tana fanko gobe tana nishi da kaya, tsayinta ba ya zama wuri ɗaya, kuma a ganina lam ya fi mata. Toyota da kanta ta sa sifirin mai murɗi a gaban Land Cruiser 79, amma ta bar mata lam a baya. Mutum biyu na mayar a bana, na ce su sayi sababbin lam su rage lodi. Ɗaya ya ji, ɗayan ya tafi wani garajin, har yanzu ina tunanin motarsa.