Jugula ta waje ko ta ciki?

Laraba. Tiyata tun 8 na safe har bayan la'asar. An cire rabin muƙamuƙin ƙasa saboda ƙari, aka cike gurbin da siririn ƙashin ƙauri, da fatarsa da jijiyoyin jininsa. Dole a haɗa jijiyar wannan dashen da jijiyar wuya mai mayar da jini zuwa zuciya, wato jugula, ta waje ko ta ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai tambayar ƙaramin likitanmu ce: "Oga, ga jugula ta waje a fili, mi ya sa za mu wahala da ta ciki?"

Ba ƙarya ya yi ba. Ta wajen tana kwance ƙarƙashin fata, tana da tsawo, kuma sau da yawa bakinta daidai yake da na jijiyar dashen, sai a haɗa su baki da baki. Amma kusancin nan da fata shi ne aibinta. Majinyaci ya juya wuya, ta lanƙwashe. Wuya ya kumbura ko igiyar bututun numfashi ta matse, ta toshe. Ita kuwa jugula ta ciki tana da faɗi, ga tsoka ta rufe ta, kuma duk jan numfashi yana zuƙo jinin cikinta zuwa ƙirji. Akan huda gefenta a ɗinka bakin jijiyar dashen da zaren nailan 9-0, ko a kama reshenta, kamar jijiyar fuska, idan ba a ɗaure shi ba wurin share wuya, wato cire kaluluwarsa.

Dashen ƙauri da jijiyoyin mayar da jini biyu yake zuwa. Yau ɗaya ta tafi reshen fuska, ɗaya ta tafi jugula ta waje. Kafin ɗinki sai da aka juya kan majinyacin hagu da dama, a ga ko jijiyar za ta ɗame ko ta naɗe. Tsawon da ya yi yawa ma illa ne.

Wuyan da aka taɓa gasawa da haske don kashe ƙari wani zance ne daban. A nemi ɗaya ɓangaren.

Tuwo ya huce kafin in iso gida. Hajiya ba ta ce uffan ba.

Yanzu 11 ta wuce, barci ya ƙi. Dashe ya fi mutuwa saboda toshewar hanyar fitar jini daga cikinsa, ba ta shigarsa ba, galibi cikin kwana 2 zuwa 3 na farko. Na bar wa Sista saƙo: duba kowace awa, in fatar ta yi shuɗi-shuɗi ta kumbura, ko aka tsikara da allura jini baƙi ya yi saurin fitowa, a kira ni nan take. Bututun numfashi ɗinke shi muka yi, kada kowa ya sa masa igiya.

Wancan na ƙarshen, ban tuna ko na rubuta a fayil ba. Bari in sake kira.