Alhamdulillah an sallame mu

Salam jama'a. Jiya bayan la'asar muka dawo gida daga asibiti, yau da safe autana ya sha kunun gyaɗa rabin kofi da hannunsa. Waɗanda ban ɗaga wayarsu ba ku yafe ni, wallahi jikina kamar an kirɓa ni a turmi.

Zancen taifod ɗin da ya huda masa hanji har aka yi masa aiki aka ɗinke duk kun sani. Ni abin da ya tsaya min a rai kwana 12 ɗin nan ne da aka hana shi komai ta baki, sai farar leda mai kama da madara da ake ɗura masa ta babbar jijiyar wuya, wai ruwan ya yi ƙarfi ƙananan jijiyoyin hannu ba za su jure ba. An ce da suga da mai da abin gina jiki duk a ciki, amma yaro kullum "Umma yunwa nake ji", ya ji ƙamshin ƙosai daga gadon kusa sai hawaye.

Wani dare wajen ƙarfe 2 na kasa daurewa, na buɗe filas zan ba shi kunu cokali ɗaya a ɓoye sai ga sistar dare a kaina. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta zauna bakin gadon ta ce "Maman yaro, ledar nan jini take ciyarwa, ciki bai san an ci ba. Sai an tauna an haɗiye, ciki ya cika, hanji ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, sannan mutum ke jin ya ƙoshi. Kin ba shi yanzu ɗinkin ne zai iya buɗewa." Ta jiƙa auduga tana goga masa a leɓe har barci ya ɗauke shi. Washegari matan ɗakin kaf suka koma cin abinci a baranda, ba wanda ya sa su.

Abin mamaki ranar da aka ce ya fara ci, cokali biyu ya kau da kai, sai da aka riƙa rage ledar a hankali cin ya dawo.

Sista, Allah Ya sa ki gama da duniya lafiya. Abokiyar zamana, na san ba kya son a faɗa amma sai na faɗa, kin riƙe min yara huɗu kin sai da ɗankunnenki, Allah Ya ba ki Aljanna Firdausi. Kawunsa da ya ba da jini, maƙwabta, 'yan Islamiyyarmu, Allah Ya biya ku, Ya raba ku da kwanan asibiti, Ya raya muku zuri'a. Masu bugo waya daga nesa suna cewa ruwan leda ba abinci ba ne mu ba shi tuwo, su ma mun gode, ƙofar asibitin dai a buɗe take.

Masu zuwa dubiya don Allah kar a kawo masa tsire tukuna, kunu da fate kawai aka yarda.