Hantar da aka zubar

Yau a mayanka mahauci ya tsaga hantar saniyarmu, sai ga tsutsotsi fala-fala kamar ganye suna motsi a ciki. Likitan dabbobi ya ce a zubar. Kawu ya yi shiru, dama tun da ta yi kiwo a fadama yake kukan ramarta. Ashe katantanwar ruwa ke rainon tsutsar kafin ta maƙale a ciyawa, mutum ma kan kamu ta cin ɗanyen ganyen bakin rafi. Har yau babu allurar rigakafinta a kasuwa, ga maganin triclabendazole ya fara gaza kashe ta a wasu ƙasashe. Allah Ya dafa wa masu binciken allurar nan, wallahi makiyaya na jira.