Godiya bayan dawowarmu daga Varanger

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun dawo lafiya daga Varanger, can ƙuryar arewacin Norway, inda muka je kallon yadda tsuntsayen bakin ruwa ke neman aure a watan Yuni.

Godiyata ta farko ga Malam ne, shi ya sa sunana cikin tafiyar, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Sai dattijuwar nan 'yar garin Vadso na yankin da ta kai mu wurin, ita ta koya mana mu kwanta rub da ciki kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mu yi tsit, ga iskar tekun Barents tana shiga har ƙashi, ga rana ba ta faɗuwa sam, ƙarfe 2 na dare gari tarwai.

Abin da ya kai ni shi ne ruf, tsuntsun nan da ke sauka garke-garke a fadamun Hadeja da Nguru lokacin hunturu yana tsintar shinkafa. A gida ba shi da wani ado, toka-toka ne kawai. A can kuwa namijin ya fito da gashi buzu-buzu a wuya, wani baƙi wani ja, suna da fili kamar dandali, kowa ya kama ɗan wurinsa yana tsalle yana kai wa maƙwabci hari, kuma wallahi duk wannan rigima ba ka jin kukansu, sai fuka-fukai kawai. Da mace ta sauka sai su durƙusa su kafa baki a ƙasa su sandare. Masu farin wuya ba su da wurin kansu, raɓewa suke yi, akwai ma wani namijin da kamanninsa na mace ne sak, sai 2006 masana suka bayyana shi. Ita macen ta zaɓa ta tafi, ita kaɗai za ta kwanta kan ƙwanta 4. Gaskiya na yi ta kallo har na manta yatsuna sun daskare.

Na gode wa ɗan'uwa ɗan Somaliya da ya ara min takalmin ruwa da jibgegiyar rigar sanyi, shi ya kuma turo min jadawalin Makka na lokutan sallah tunda babu faɗuwar rana. Hajiya, addu'arki ta kai ni ta dawo da ni, Allah ya ƙara lafiya. Kawu na Nguru, hotunan suna nan zan turo ta WhatsApp, dan Allah a nuna wa yaran da ke korar tsuntsayen daga gona.